Sabuwar Maltimita A Hannu: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Soka Ta A Wuta

A masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai ƙauyuka da dama da wayar hannu ta riga wutar lantarki isa. Wannan ne ya sa sana'ar caji ta kafu sosai: rumfa, farantin sola ko ƙaramin janareta, batir ɗaya ko biyu, sai allon katako da aka jera wa soket. Duk wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai ga yadda wayoyin fatake da dillalan dabbobi ke cika irin waɗannan rumfuna. Ko a cikin garin Gumel, inda layin KEDCO yake, da wuya a samu matashin da bai taɓa tambayar kansa ba: cajar ce ta mutu, ko igiyar ce, ko kuwa batirin wayar ne ya gaji?

Na'urar da ke amsa wannan tambaya ita ce maltimita, wadda masu gyara ke kira mita a taƙaice. Yanzu ta yi arha, ana samun ta a shagunan kayan wuta da kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano, kuma bidiyoyin YouTube da TikTok sun sa matasa da yawa suna sayen ta. Sai dai akasarin masu saye suna duba girman sikirin ne da kyawun launi. Abin da ke tsakanin mutum da ƙuna kuwa yana can ciki, bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Sunansa fis.

Mene ne aikin maltimita?

Abubuwa uku take aunawa, kuma tankin burtsatse ya isa misali. Bolt, mai alamar V, shi ne ƙarfin turin wuta, kamar yadda tsayin tanki ke ƙara wa ruwa ƙarfi. Amfiya, mai alamar A, ita ce yawan wutar da ke wucewa, kamar yawan ruwan da ke bin bututu. Om, mai alamar Ω, shi ne turjiyar hanya, kamar ƙuncin bututun. Wani injiniyan ma'aikatar gidan waya ta Ingila, Donald Macadie, shi ne ya haɗa awon ukun nan a na'ura ɗaya, aka fara sayar da ita a 1923 da sunan AVO. Waccan mai allura ce. Irin ta hannu mai nuna lambobi ta yaɗu ne bayan kamfanin Fluke na Amurka ya fitar da samfurin 8020A a 1977.

Abin da ido ke fara gani

Wadda ta fi yawa a hannun masu koyo ita ce samfurin DT830, 'yar ƙarama, baƙa ko rawaya, wadda masana'antu daban-daban ke ƙerawa da suna iri ɗaya. Da an fito da ita daga kwali, abu na farko da mutum zai ji shi ne rashin nauyi. Batir mai bolt 9 take amfani da shi. Sikirin ɗinta ba ya wuce lamba 1999, kuma da hannu ake juya makunnin tsakiya a zaɓi iyakar awo. Tana zuwa da igiyoyi biyu, ja da baƙa, kowace da tsinken ƙarfe a baki. A ƙasa akwai ramuka uku: COM na baƙar igiya, VΩmA na jar igiya, sai na uku mai rubutun 10A.

Waɗanda suka ɗara ta tsada, irin na UNI-T da Aneng, da yawansu suna zaɓar iyakar awo da kansu, suna da fitilar sikirin, suna kuma yin ƙara idan tsinkayen biyu suka haɗu. Duk waɗannan suna sauƙaƙa aiki, amma ba su ne ma'aunin aminci ba.

Ga gwaji huɗu da ba su da haɗari, waɗanda ya kamata a fara da su a ranar farko:

1. A juya zuwa Ω mafi ƙanƙanta, a haɗa tsinkayen biyu. Lambar ta sauko kusa da sifili ta tsaya. Idan tana tsalle yayin da ake lanƙwasa igiyar, to igiyar ta fara karyewa daga ciki.
2. A juya zuwa V mai miƙaƙƙen layi, wato DC, a auna sabon batirin tocila. Ya kamata a ga bolt 1.5 ko sama kaɗan.
3. A auna batirin babur ko na sola da ya huta ba a caji. Batirin ruwa mai bolt 12 da ya cika yana nuna wajen 12.6 zuwa 12.7. Idan ya sauko kusa da 12.0, ya sha aiki, yana neman caji.
4. A auna batirin waya irin wanda ake cirewa. Cikakke yana nuna 4.2 zuwa 4.4 gwargwadon irinsa. Idan ya faɗi ƙasa da bolt 3, ya ƙone ƙurmus da yunwa, kuma shi ya sa wani lokaci waya ke ƙin nuna alamar caji.

Idan mita ta ci waɗannan gwaje-gwaje, awonta ya isa aikin waya da sola. Saura tambaya ta biyu: me zai faru ranar da hannu ya yi kuskure?

Ramin da ya fi kowane haɗari

Idan jar igiya tana ramin V, mita kamar toshe take. Turjiyarta miliyan ɗaya ce zuwa miliyan goma na om, don haka ko an soka ta a soket mai bolt 230, wutar da ke bi ta cikinta ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba. Shi ya sa ake auna bolt ta hanyar taɓa gefe biyu.

Ramin 10A akasin haka ne. Don mita ta ƙirga amfiya, dole wutar ta ratsa ta cikinta ba tare da cikas ba. Saboda haka a tsakanin ramin 10A da COM akwai ɗan guntun ƙarfe mai kauri wanda turjiyarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na om ba. A taƙaice, da zarar an sa jar igiya a ramin 10A, mitar ta zama guntuwar wayar wuta kawai. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, juya makunni ba ya cire wannan haɗi. Ko makunnin yana kan V, ko ma a kashe yake, ƙarfen yana nan a haɗe.

Ga yadda tsautsayin ke zuwa. Mai rumfar caji ya hau ya auna amfiyar farantin solarsa da safe, ya ajiye mita bai mayar da igiya ba. Da yamma aka kawo wuta, fitila tana lumshewa, sai ya ce bari ya ga ko bolt nawa aka kawo. Ya juya makunni zuwa V, ya soka tsinkaye a soket. Abin da ya yi daidai yake da ɗaukar waya tsirara ya haɗa ramukan soket biyu. Amfiya ɗaruruwa za su iya bi ta cikin na'urar da ke tafin hannunsa kafin ƙiftawar ido. Haka nan idan batirin mota ko na inbata ya taɓa, domin batirin ruwa, duk da bolt 12 kawai yake da shi, yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda.

A wannan daƙiƙa, abu ɗaya ne zai raba shi da tartsatsi da narkewar igiya a hannu: fis. To a nan matsalar take. A jikin yawancin DT830, kusa da ramin 10A, an rubuta UNFUSED. Ma'anarsa babu fis a wannan layi ko kaɗan. Fis ɗin da ke ciki na ƙaramin awon mA ne kaɗai. Mitar da ta fi inganci za a ga an rubuta FUSED a kan ramukan amfiya duka.

Kuskuren da masu waya suka fi yi

Akwai wani kuskure mai kama da wannan da ya shafi masu wayar hannu kai tsaye. Mutum ya sayi fawa banki an rubuta 20000mAh, yana shakka, sai ya ga mA a jikin mita, ya ɗauka abu ɗaya ne. Sai ya buɗe, ya ɗora tsinkaye a kan batirin don ya ga ko "amfiya nawa ke ciki".

Maltimita ba ta auna mAh. Alamar mA tana nufin wutar da ke wucewa a wannan lokaci, mAh kuwa yawan abin da batir ke iya ajiyewa ne, kamar bambancin gudun ruwa a famfo da girman randa. Ɗora tsinkayen amfiya a kan batir kai tsaye haɗa wuta ne. Idan an yi sa'a fis ya ƙone. Idan ba fis, batirin litiyom yana iya yin zafi ya kumbura, har ya kama da wuta. Mai son sanin gaskiyar fawa banki ko caja, ƙaramar na'urar awon USB ce maganinsa, wadda ake sa wa tsakanin caja da waya, ta nuna bolt da amfiya da jimillar abin da ya wuce.

Ƙa'idar ita ce: bolt ana auna shi gefe da gefe, amfiya kuwa sai an katse layi an sa mita a tsakani, kuma dole akwai abin da ke cin wutar, kamar ƙwan fitila ko fanka. Togaciya ɗaya da masu sola ke yi ita ce farantin sola guda ɗaya da aka cire daga komai, domin shi wutarsa tana da iyaka. Faranti mai wat 100 irin na batirin bolt 12 yana ba da wajen amfiya 6 a tsakar rana, bolt ɗinsa kuma wajen 21 zuwa 22 idan ba a haɗa shi da komai ba. Ko a nan ma, a karanta gargaɗin da ke jikin mitar, domin masu arha ba sa jure amfiya 10 fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15.

Fis ba duka ɗaya ba ne

Fis siririyar waya ce da aka ƙera don ta narke kafin komai ya narke. Mutuwarsa ita ce aikinsa. Amma akwai lambobi uku a jikinsa, kuma akasarin mutane ɗaya kawai suke dubawa.

Ta farko ita ce amfiya, misali 250mA ko 10A. Ta biyu bolt ne, misali 250V ko 1000V, wato iyakar ƙarfin da zai iya tarewa bayan ya narke. Ta uku, wadda aka fi mantawa, ita ce girman wutar da zai iya yankewa ba tare da ya fashe ba. Idan wuta mai yawa ta narkar da wayar fis, ba nan take take tsayawa ba. Tana iya tsallake giɓin ta ci gaba da gudu cikin iska, kamar tartsatsin walda. Ƙaramin fis na gilas mai alamar L an tsara shi ne ya yanke wajen amfiya 35, ko ninki goma na lambarsa idan hakan ya fi yawa. Na tangaran mai alamar H, wanda ake cika cikinsa da yashi don ya shaƙe tartsatsin, yana yanke amfiya 1500. Manyan mitoci irin Fluke 87V suna amfani da fis na 440mA da na 11A masu bolt 1000, waɗanda ke yanke amfiya dubu goma ko fiye. Wannan na cikin dalilan tsadarsu.

Don haka idan aka ga F250mAL250V a hular fis, ga fassararsa: F mai saurin ƙonewa ne, 250mA amfiyarsa, L ƙaramin ƙarfin yankewa, 250V iyakar bolt. Idan T ce a maimakon F, mai jinkiri ne, irin wanda ake sa wa na'urorin da ke fizgar wuta lokacin kunnawa. Mita mai sauri take so.

Yana da kyau mai sabuwar mita ya cire igiyoyin duka, ya kwance bayanta da sukudireba, ya leƙa ciki. Fis nawa ne? Na gilas ne ko na tangaran? An sha samun masu arha da aka bar gurbin fis babu komai, ko aka haɗe shi da dalma. Arha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma gara a gano haka a kan tebur da a gano shi a bakin soket.

Idan fis ya ƙone

Alamarsa ita ce mita tana auna bolt lafiya lau, amma awon amfiya ya tsaya a sifili. A mitar da ramin amfiyarta daban yake, ana iya gwadawa ba tare da an buɗe ta ba: a bar jar igiya a ramin VΩ, a juya zuwa Ω, a soka tsinkenta cikin ramin amfiya. Idan lamba ƙarama ta fito, fis yana da rai. Idan OL ta fito, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, ya ƙone.

A nan ne ake yin gyaran gangar Auzinawa. Kowa ya san dabarar: a naɗe mataccen fis da takardar sigari mai ƙyalli, ko a zare silin waya a ɗaura. Mita za ta dawo aiki, amma an cire mata mai gadi. Kuskure na gaba ba fis zai ci ba, allon mitar zai ci, ko hannun mai ita. Haka kuma sa fis mai amfiya 5 a gurbin na 250mA, da sunan ya fi ƙarfi, daidai yake da rashin fis. A musanya da irinsa sak: amfiya ɗaya, bolt ɗaya ko sama, sauri ɗaya. Idan babu shi a Gumel, a yi saƙo Kano ko Haɗeja, a bar awon amfiya har ya zo. Awon bolt zai ci gaba da aiki.

Wannan magana ta wuce mita. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila da ake amfani da shi a Najeriya yana da fis a cikinsa: ja na amfiya 3 don ƙananan kaya da ba su kai wat 700 ba, ruwan ƙasa na amfiya 13 don irin su dutsen guga, har zuwa wajen wat 3000. Kayan da ke shigowa ta iyakar Nijar kuwa galibi masu ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, kuma ba su da fis a ciki. A rumfar caji da aka jera cajoji talatin a allo ɗaya, ya kamata a samu fis ko birki a farkon layin. Haka batirin sola: a sa fis a kan jar waya, dab da kan batirin. Irin na mota masu launi sun dace da bolt 12 da 24, ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, amma iyakarsu bolt 32 ce. Idan an jera faranti da yawa bolt ya hau, kamar a famfon burtsatse, sai fis ɗin da aka rubuta wa DC mai bolt ɗin da ya kai. Dalili shi ne wutar soket tana komawa sifili sau 100 a daƙiƙa, wanda ke taimaka wa tartsatsi ya mutu, wutar batir da sola kuwa ba ta numfasawa.

Me rubutun CAT ke nufi?

A kusa da ramukan ana ganin CAT II ko CAT III ko CAT IV tare da lambar bolt. Wannan ya fito ne daga ƙa'idar duniya ta IEC 61010, kuma yana nuna inda aka yarda a yi aiki da mitar. CAT II na soket da kayan gida ne. CAT III na akwatin rarraba wuta ne a cikin gini. CAT IV na inda wuta ke shigowa ne daga fal ɗin waje. Kullum aka matsa kusa da taransifoma, wutar da za ta iya kwararowa idan an yi kuskure tana ƙaruwa. Mitar CAT III 600V ta gaske ana gwada ta da bugun bolt 6000, irin wanda tsawa kan jefo a layi lokacin damina.

Sai dai buga rubutu a jikin roba ba shi da wuya. Mitar da ke da fis ɗin gilas ɗaya da ramin 10A mara fis, ko me aka rubuta a fuskarta, wurinta shi ne teburin gyaran waya da batir da ƙaramar sola. Ba ta da hurumi a akwatin mitar gida, balle kan fal. Wancan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne.

Ɗabi'u shida da suka fi tsadar mita muhimmanci

1. Da an gama awon amfiya, a mayar da jar igiya ramin V nan take, kafin a ajiye mitar. Wasu ma suna liƙe ramin 10A da salatif don sai da niyya za a buɗe shi.
2. Kafin a taɓa kowace wuta, a kalli igiya tukuna, sannan makunni. A DT830 ramin V da na mA ɗaya ne, don haka barin makunni a kan mA ma yana ƙona fis.
3. Ba a auna Ω a kan abin da ke da wuta. A cire shi daga soket, a cire batir.
4. Cajar waya da aka buɗe tana iya riƙe sama da bolt 300 a cikin kafasitarta ko bayan an zare ta daga soket. Ba wurin sa yatsa ba ne.
5. Kafin a yarda cewa layi ba wuta, a gwada mitar a wurin da aka tabbata akwai wuta, sannan a sake gwadawa bayan an gama.
6. Idan alamar batir ta fito a sikirin, a canza shi. Masu arha sukan nuna lambar da ta fi gaskiya yawa idan batirinsu ya yi sanyi. Kada a bar mita a rana lokacin bazara, kuma a riƙa kaɗe ƙurar hunturu daga ramukanta.

Abu na ƙarshe da ya kamata kowa ya riƙe: fis yana kare waya da na'ura ne daga ƙonewa, ba ya kare jiki daga jan wuta. Wutar da ta haura kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya tana iya rikita bugun zuciya, alhali fis ɗin fulogi sai an wuce amfiya 13 yake motsi. Saboda haka yatsu su tsaya bayan shingen robar tsinke, ƙafa cikin takalmi, hannu a bushe.

Ga mai gyaran waya a Gagarawa ko mai rumfar caji a Sule Tankarkar, ko mitar da ta fi kowace arha za ta biya kuɗinta cikin ɗan lokaci, domin za ta hana shi zubar da caja mai rai ko sayen batir matacce. Amma wanda zai riƙa taɓa wutar soket da inbata, ya ƙara kuɗi ya nemi wadda ramukan amfiyarta duka suke da fis na tangaran. Kuma ranar sayen mita ita ce ranar sayen fis biyu ko uku na ajiya, a liƙa su a cikin kwalinta, don kada ranar da na ciki ya ƙone hannu ya kai ga takardar sigari.